Fili iri ɗaya, rabo daban: Amurka da Ajantina

A tsakiyar ƙarni na 19, Amurka da Ajantina, waɗanda dukkansu suka fito daga mulkin mallakar Turawa, kowacce tana da makeken fili mai albarka a bayan garuruwanta. Filin nan da masu shi, 'yan asalin ƙasa, kuma a wuraren biyu da bakin bindiga aka kore su. Wajen rabon ganima ne hanya ta rabu.

A 1862 Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Homestead: wanda ya kama eka 160, ya kafa gida, ya yi shekara biyar yana nomawa, gona ta zama tasa, illa ɗan kuɗin rajista. Ba tausayi ne ya yi wa 'yan majalisa yawa ba. Talakan Bature yana da ƙuri'a, masu bayi na Kudu da suka daɗe suna tare dokar kuma sun ɓalle sun bar zauren. Kamfanonin jirgin ƙasa ma sun kwashi nasu kason mai tsoka, amma ƙaramin manomi ya samu.

A Ajantina kuwa masu garken shanu ne ke riƙe da gwamnati. A 1878, da aka tashi yaƙar 'yan asalin ƙasa na ƙabilar Mapuche da maƙwabtansu, sai aka tara kuɗin yaƙin ta hanyar sayar da takardun bashi da za a biya da ƙasar da ba a ma ci ba tukuna, kowace takarda hekta 2,500. Cinikin biri a sama ke nan, sai dai wannan karon birin ya sauko. Janar Julio Roca ya kai sojoji bakin kogin Negro a 1879, shekara na zagayowa ya zama shugaban ƙasa, filin kuma ya faɗa hannun 'yan tsirarun iyalai.

Da baƙi daga Italiya da Sifaniya suka yi ta kwararowa, sai suka tarar an riga an gama rabo. Da yawansu haya suka kama: ka shuka alkama 'yan shekaru, ka bar wa mai gona ciyawar shanu a shuke, ka ƙara gaba. Wanda ya san gobe zai tashi, me zai sa ya gina gidan kirki, balle ya matsa a kawo makaranta? Ƙasar ta yi arziki da nama da alkama, ba shakka, amma da yawa daga masu noman ba su da ko taku ɗaya na fili. A 1912 'yan hayar garin Alcorta, a lardin Santa Fe, suka ajiye garma suka shiga yajin aiki, yajin kuma ya bazu zuwa lardunan da ke kewaye.