Daga ina hukumomin ƙasa suka samo asali? Inda masana tattalin arziki suka sha bamban

Nogales gari ne da shinge ya raba biyu: rabi a jihar Arizona ta Amurka, rabi a jihar Sonora ta Meziko. Yanayinsu ɗaya, asalin yawancin mutanen ɗaya, amma na ɓangaren Amurka sun fi samun kuɗi da tsawon rai. Da wannan misali Daron Acemoglu da James Robinson suka buɗe littafinsu na 2012, Why Nations Fail. A ganinsu, bambancin yana cikin dokoki, kotuna da tsarin mulki.

To amma me ya haifar da waɗannan hukumomi tun farko? A nan masana suka rabu.

A binciken da su biyun suka yi da Simon Johnson a 2001, sun danganta abin da mulkin mallaka. Inda zazzaɓin cizon sauro da shawara suka riƙa kashe Turawa, kamar Afirka ta Yamma, ba su zauna ba, sai suka kafa tsarin kwasar dukiya. Inda suka zauna, kamar Kanada da Ostireliya, sun kafa dokokin kare dukiyar mutum da taka wa shugabanni birki. Wannan aiki ya ba su ukun kyautar Nobel a 2024.

Stanley Engerman da Kenneth Sokoloff kuwa noma suka duba. Noman rake a Brazil da tsibiran Karebiyan ya tsayu ne kan manyan gonaki da bayi, don haka ’yan tsirarun masu gonakin suka tsara dokokin da suka hana talaka ƙuri’a da ilimi.

Jeffrey Sachs ya ce cututtuka da nisa daga teku suna talauta ƙasa kai tsaye. Edward Glaeser da abokansa kuma a 2004 suka ce ilimi ne kan gaba, hukumomi nagari su biyo baya.

Wannan saɓani ya shafi inda gwamnati za ta fara zuba kuɗi: asibiti, makaranta ko kotu.

Sai dai Botswana ta nuna tarihi ba ya ɗaure ƙasa har abada. Ba ta da teku, kuma tana cikin matalautan duniya lokacin da ta sami ’yanci a 1966. Shugabanninta sun riƙe al’adar kgotla, taron da jama’a ke faɗa wa sarki ra’ayinsu, sannan suka mayar da ma’adinai mallakar ƙasa. Da aka gano lu’ulu’u a 1967, kuɗinsa ya tafi hanyoyi, makarantu da asibitoci. Najeriya ta riga ta gano mai a Oloibiri tun 1956.