Gadon Garkuwar Jiki da Tsawon Rai

A unguwar Ali Kazaure da ke Jos, idan aka ga dattijo ya haura tamanin da ƙarfinsa, sai a ce ai 'yan gidansu haka suke. Masana sun bi diddigin wannan magana har cikin garkuwar jiki.

Akwai rukunin ƙwayoyin gado da ake kira HLA. Su ke nuna wa sojojin jini baƙuwar cuta, kuma sun bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum. A 1991, binciken Adrian Hill a Gambiya ya nuna cewa yaran da suka gaji nau'in HLA-B53, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, ba su cika kamuwa da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da zazzaɓin ke ɗauke yara tun kafin a yaye su.

A Okinawa ta Japan kuwa, a 1987, an gano nau'in HLA-DR9 ya yi ƙaranci a jikin masu shekara 90 zuwa sama.

Sai dai nazarin tagwaye a Denmark ya nuna kusan kashi 25 cikin 100 ne kawai na bambancin tsawon rai ke fitowa daga gado.