Ranar da Mota Za Ta Zo: Tsakanin Manoma da Masu Manyan Motoci

A ƙauyukanmu na ƙasar Lere, kewayen Saminaka, masara ce babbar dukiyarmu. Mukan shuka ta da ruwan fari, mu sha wahalar taki da noma, mu girbe ta da kaka. Amma bayan an surfe an ɗura a buhu, akwai sauran aiki guda wanda ba mu cika yi masa shiri ba, watau fitar da hatsin daga ƙauye zuwa hannun mai saye. A nan ne ƙungiyoyi da yawa suke zubar da ribar da suka yi wata biyar suna nema. Bari mu ba da labarin abin da ya same mu, domin 'yan'uwa su koya daga kuskurenmu.

Abin da ya faru da mu

A wata kaka ƙungiyarmu ta tara masara buhu 300, cikin tirela ɗaya ke nan. Muka yi ciniki da wani mai haɗa abincin kaji a kudu ta hannun dillalinsa. Dillalin ya ce mana mota za ta zo ran Talata. Tun ran Litinin muka fitar da buhunan daga ɗakuna muka jera su a fili kusa da hanya, muka kira 'yan dako.

Talata ta wuce, mota ba ta zo ba. Laraba ma haka. Kullum muka kira dillali sai ya ce, "Tana hanya." Muna ciyar da 'yan dako, samarinmu kuma suna kwana a fili suna gadi. Awaki suka yage wasu buhuna. Ran Alhamis da yamma hadari ya taso, aka yi ruwan ƙarshe wanda ba mu zata ba, tamfol ɗinmu kuwa bai rufe ko rabin kayan ba.

Sai ran Asabar da dare motar ta iso. Direba ya ce a yi lodi da asuba domin ya kama hanya. Shugabanmu ya ce masa, "Ɗana, gobe Lahadi ce, mutanenmu suna sujada. Sai Litinin." Direba ya ce, "Baba, ba wanda ya faɗa mini haka. Ni ma sai ran Alhamis aka ce in zo nan, ina Kano ina jiran a sauke mini kaya." Motar ta kwana biyu, kamfanin ya nemi kuɗin jira. Da kaya suka isa kudu, mai saye ya ce wasu buhuna sun yi laima, ya rage kuɗi.

Da muka zauna muka bi maganar daki-daki, sai muka ga ba wanda ya yi niyyar cutar wani. Ranar Talata da aka ba mu, dillali ne ya yanke ta daga kansa. Mai motar bai taɓa jin ta ba.

Baki nawa magana take bi

Ku dubi hanyar da saƙo yake bi. Mai saye ya faɗa wa dillalinsa. Dillali ya je tasha ya sami ɗan kamasho. Ɗan kamasho ya kira mai mota ko akawun kamfani. Akawu ya kira direba. Ta wajenmu kuma, dillali ya faɗa wa shugaba, shugaba ya faɗa wa magatakarda, magatakarda ya aiki yaro gida-gida. Kafin magana ta bi baki shida ko bakwai, "wataƙila Talata" ta zama "Talata", "kusa da Saminaka" ta zama "Saminaka".

Kowane ɗaya cikin mutanen nan yana da dalilin da zai sa ya faɗi abin da zai yi daɗin ji. Dillali yana tsoron kada mu sayar wa wani, don haka sai ya ba mu rana ta kusa. Ɗan kamasho yana son ladansa, sai ya karɓi aiki ko da motar tana can nesa. Mu ma idan an tambaye mu ko kaya sun haɗu, mukan ce sun haɗu, alhali kuwa buhu hamsin suna gona ba a surfe ba.

Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, muka ɗauka wannan wahala ta ƙare. Ta ragu ƙwarai, amma waya ba ta gyara maganar da aka faɗa ba daidai ba. Ga shi kuma wasu ƙauyukanmu sai an hau tudu ake samun sabis, wayar magatakarda kuma takan kwana a shagon caji.

Yadda mai mota yake lissafi

Ya kamata mu fahimci sana'ar abokin aikinmu. Tirela takan ɗauki ton 30, watau buhu 300 masu kilo 100, ko buhu 600 masu kilo 50. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne. Ba mai motar da zai so ya yi wannan tafiya da mota wofi. Saboda haka yawancin motocin da suke kwasar hatsinmu zuwa Ibadan da Legas, sun hauro ne da wani kaya, kamar siminti ko taki ko kayan shago, suna neman abin da za su koma da shi. Ma'anar wannan ita ce, ranar da mota za ta zo wurinmu ta rataya ne a kan ranar da aka sauke mata kayan farko. Idan mai wancan kaya ya riƙe ta kwana uku, mu ma an riƙe mu kwana uku.

Ban da wannan, akwai abubuwan hanya. Taya takan fashe, inji yakan lalace, ga shingaye inda ake tsayar da direba. A damina ta 2017 gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye, manyan motoci suka koma bin dogon zagaye. A farkon 2021 kuma ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki. Tun daga 2022 da man dizal ya yi tashin gwauron zabo, masu motoci suka ƙara tsananta lissafi. Kowace rana da mota ta tsaya ba aiki, mai ita yana ciyar da direba da yaron mota, kuɗi kuwa ba ya shigowa.

Sa'an nan lokacin da muke bukatar mota, shi ne lokacin da kowa yake bukatarta. Daga Nuwamba zuwa Janairu masu masara, da dawa, da shinkafa, da waken soya duk suna neman tirela. Babbar kasuwa kamar Dawanau ta Kano, wadda aka kafa a 1985, tana da sito da 'yan dako da kaya a shirye kullum. Direba zai iya yin lodi a can cikin yini ɗaya. Idan aka ba shi zaɓi tsakanin wannan da ƙauyen da bai sani ba a ƙarshen hanyar burji, mun san inda zai nufa. Sai fa in mun zama mutanen da aiki da su yake da sauƙi.

Dattawanmu suna tuna zamanin da ba haka abin yake ba. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, gyaɗa da auduga ta jirgi suke tafiya, hukumomin ciniki kuma suna da wuraren awo da aka sani. A 1977 aka kafa hukumar sayen hatsi ta ƙasa, amma a 1986 gwamnati ta rushe ta tare da sauran hukumomin cinikin amfanin gona. Tun daga nan neman mai saye da neman mota ya koma kan manomi da ɗan kasuwa. Wannan nauyi yanzu namu ne, dole mu koyi ɗaukarsa.

Namu laifin

Kada mu ɗora wa direbobi dukan laifi. Su ma suna da ƙara a kanmu, mun kuwa ji ta daga bakinsu.

Sukan zo su tarar kaya ba su cika mota ba, a ce su jira a kawo sauran daga wani ƙauye. Sukan tarar buhuna ba awo ɗaya ba, wani kilo 100, wani an danna shi har ya wuce, sai mota ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta. Akan kwatanta musu hanya ba a ambaci kwalbatin da ya rufta ba, ko rafin da ba gada, ko kwanar da tirela ba za ta iya juyawa ba. Wani lokaci 'yan dako sun tafi kasuwa, ko ma'aji ya yi tafiya da makullin sito. Direban da ya sha irin wannan sau ɗaya, in aka sake kiransa zai ce yana zuwa, amma ba zai zo ba.

Abin da jira yake ci

Hatsin da ke ɗaki yana iya jira. Wanda aka fitar fili ne ba ya iya jira. Masara tana ajiyuwa lafiya idan ruwan jikinta bai wuce kashi 13 cikin 100 ba. Buhun da aka ajiye a ƙasa yana shan laima, raɓa tana sauka a kansa da dare. Masarar da ta jiƙe takan yi fumfuna, wata irin fumfuna kuwa tana haifar da guba da ake kira afalatoksin, mai cutar da hantar mutum, mai kashe kaji. Shi ya sa masu haɗa abincin kaji suke gwada kaya kafin su karɓa. Ga kuma ƙwari da ɓeraye da ɓarayi. Haɗa da abincin 'yan dako da kuɗin gadi, sai ka ga ribar buhu da yawa ta tafi kafin mota ta motsa.

Akwai wata hasara da ta fi wannan. Idan kuɗi ya yi jinkiri, 'yan ƙungiya masu bashin taki ko kuɗin makarantar yara sukan janye buhunansu su sayar da araha a kasuwar ƙauye. Mota ta zo ta tarar kaya sun ragu. Daga nan zargi ya shiga, ƙungiya ta fara tsagewa.

Abin da muke yi yanzu

Bayan wancan darasi muka zauna muka tsai da waɗannan ƙa'idodi. Muna ba da su ga kowace ƙungiya ta duba.

1. Mutum ɗaya ne mai maganar mota. Ƙungiya ta zaɓe shi, ta ba shi mataimaki da kuɗin kati. Wani dabam ba ya ba da rana, ko da shugaba ne.

2. Mu karɓi lambar wayar direba da lambar motar. Muddin ba mu sami waɗannan biyu ba, mu ɗauka ba a ba mu mota ba tukuna. Mu tambayi direban da kansa: "Kana ina yanzu? An sauke maka kaya?"

3. A rubuta yarjejeniya, ko a takarda ko a saƙon waya. Ta ƙunshi yawan buhuna da nauyinsu, wurin lodi, kuɗin mota, wanda zai biya 'yan dako, da wanda zai ɗauki hasara idan kaya sun lalace a hanya.

4. A sa tsakanin kwana biyu ko uku maimakon rana ɗaya, misali daga Talata zuwa Alhamis. A rubuta abin da kamfani zai rage idan mota ta wuce wannan lokaci, da abin da mu za mu biya idan mun tsai da mota.

5. A faɗi ranakun da ba a lodi tun da fari. Mu ba mu lodi ran Lahadi. Direbobi da 'yan dako da yawa kuma Musulmi ne, suna bukatar lokacin sallar Juma'a. Idan kowa ya san na ɗan'uwansa tun kafin mota ta taso, ba za a yi ɓacin rai ba.

6. Kada a fitar da kaya fili sai direba ya tabbatar ya kama hanyarmu. A tara su a sito ɗaya kusa da kwalta, bisa katako, nesa da bango. A yi amfani da amalanke ko a-kori-kura a kwaso daga ƙauyukan ciki tun da sauran lokaci.

7. A auna kowane buhu a sikeli, a gwada bushewarsa. Ga hanya mai sauƙi: a zuba hatsi da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. Idan gishiri ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a sake shanya shi.

8. A aiki mutum da babur ya tarye motar a bakin kwalta ya nuna mata hanya. A ba direba da yaronsa ruwa da abinci da wurin hutawa.

9. Kafin mota ta tashi, a ƙidaya buhuna a gaban direba, a rubuta takarda biyu, kowa ya sa hannu ya riƙe ɗaya.

Ƙungiyoyin da suke maƙwabtaka za su iya haɗa kai su ba kamfani ɗaya jerin ranaku, wannan mako ƙauye kaza, mako mai zuwa ƙauye kaza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai motar da ya san yana da lodi huɗu ko biyar tabbatattu a wuri ɗaya zai riƙe mu da daraja fiye da mai lodi ɗaya. Waɗanda kuma suke da halin jira, su ajiye hatsinsu cikin buhunan nan masu leda biyu a ciki da ake kira PICS, waɗanda suke kashe ƙwari ba tare da magani ba, su nemi mota bayan rububin kaka ya lafa.

Direban nan da ya kwana biyu a ƙauyenmu, shi ne yake kwasar mana kaya har yanzu. Yakan kira magatakardanmu tun yana hanya, in zai makara kuma yakan faɗa. Mu ma ba mu ƙara ce masa kaya sun haɗu ba sai mun ƙidaya su da hannunmu. Alkawari kaya ne, kowa ya ɗauki nasa.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta karanta wannan a taronta na gaba, ta zaɓi mai maganar mota tun kafin masara ta bushe a gona.