Lazimi da Wazifa a Karkarar Arewacin Kano

A ƙauyukan arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, Ɗambatta da Makoɗa, gona ba ta hutawa. Da rani a kai mata taki a mangala, da damina a bi ta da noman firi da maimai. Mutanen da suka saba da wannan naci, haka suka riƙi wuridinsu. A wajensu zuciya ma gona ce, in aka kwana biyu ba a leƙa ta ba sai ciyawa ta rufe ta, ciyawar kuwa ita ce gafala.

Duk wanda ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a hannun muƙaddami ya ɗauki alkawarin lazimi safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Ana idar da sallar asuba sai ka ga dattijo ya ja gefe, ya fuskanci alƙibla, ya sunkuyar da kai. Ko ɗansa ne ya zo da maganar taki ko ta kuɗin ƙwadago, sai dai ya ɗaga masa hannu, yaron ya tsuguna ya jira. Haka uwargida take yi a ɗakinta kafin ta hura wutar koko. Wanda shuka ta ci masa lokaci har lazimin ya wuce, sai ya rama, domin bashi ne. Abin da muƙaddamai suka fi nanatawa shi ne halartar da zuciya, wato mutum ya san abin da bakinsa yake faɗa, in tunani ya tsere kasuwar Lahadi ta Ɗambatta ya komo da shi a hankali, ba tare da ƙosawa ba.

Daɗin abin yana wajen wazifa. Bayan magariba 'yan'uwa su zagaye, mai gandu da ɗan ƙwadagonsa gwiwa da gwiwa, a ɗauko farin ƙyalle mai tsabta a shimfiɗa a tsakiya. A yi istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, sannan a shiga Jauharatul Kamali 12. Wanda ya yi taimama ba ya karanta Jauhara, sai ya musanya ta da Salatul Fatihi 20. Idan aka kai Jauhara ta bakwai kowa yakan gyara zama kamar mai tahiya, muryoyi su kwanta, ko tari ba ka so ka yi. Nan ne ake da saɓani. Yawancin muridai sun riƙi cewa a daidai wannan gaɓa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana halartar wurin, ƙyallen kuma girmamawa ce ga wannan halarta. Wasu malamai sukan ce ƙarin tsarki ne kawai ga wurin ambaton Allah. Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, wannan ƙyalle ya zama abin muhawara, har akwai ƙauyukan da masallaci ɗaya ya koma biyu. Wannan rabuwa tana yi mini ciwo, domin dangi ɗaya ne, rijiya ɗaya ake sha.

Ɗariƙar ta ƙara bazuwa a ƙasar Kano bayan Sarki Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a aikin hajjin 1937. Malaman birni suka rungumi Faila, wato tafarkin Shehu Ibrahim, almajiransu suka komo da ita karkara. Gidan marigayi Halifa Isyaka Rabi'u, wanda ya rasu a 2018, asalinsa daga ƙasar Bichi ne. 'Yan Ƙadiriyya kuwa, almajiran Shehu Nasiru Kabara, suna da bandirinsu da zikirin anfasu, inda ake haɗa ambaton Allah da fitar numfashi da komawarsa har ƙirji ya ɗauki amon. 

Ranar Juma'a bayan la'asar 'yan Tijjaniyya kan taru a zawiya a yi ta hailala har rana ta faɗi. A nan ake sanin wanda ba ya da lafiya, da wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin gero ya nuna, a haɗa masa abin da ya sawwaƙa ba tare da an tona asirinsa ba.

Yanzu samari sun tafi ci-rani, wasu sun koma birni tuƙa adaidaita sahu. Waɗanda suka rage da yawansu sun ajiye carbin itace sun saka ɗan na'urar ƙirge a yatsa, ido kuma yana kan waya. Ƙirge yana cika, zuciya ba ta nan. Ba na jin tsoron wazifa za ta mutu a karkararmu, masallatai suna cika har gobe. Abin da nake roƙon muƙaddamanmu shi ne, kafin su ba yaro adadin da zai ja, su fara zaunar da shi su koya masa natsuwa, yadda aka koya musu.