Ma'aunan Matsi da Matsalar Sunayensu a Hausa

1.0 Gabatarwa

A bakin titi a unguwar Durumi da ke Abuja, mai faci kan kafa wata 'yar na'ura a bakin taya, ya ce iska ta kai 35. "Geji" yake kiran na'urar. A asibiti kuwa, akan ɗaura wa majinyaci wata a dantse, a ce ana yi masa "awon jini". Abu guda na'urorin biyu suke aunawa, amma sunayensu ba su nuna hakan ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda irin waɗannan na'urori ke aiki, sannan a duba sunan da ya dace da su.

2.0 Ire-iren Na'urorin

Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin da ruwa ko iska ke tura jikin abin da suka taɓa. Hanyoyi biyu ne suka fi shahara.

Ta farko ita ce ta zaiba. A 1643 Evangelista Torricelli na Italiya ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya kifa shi cikin kwanon zaiba. Sai ya ga ba ta zube duka ba, ta tsaya a tsawon kimanin milimita 760, domin iskar sarari tana danna wadda ke cikin kwanon. Kan wannan hikima Scipione Riva-Rocci ya gina na'urar da ake ɗaurawa a dantse a 1896. Don haka, idan likita ya ce 120 bisa 80, milimitocin zaiba yake nufi.

Ta biyu ita ce ta Eugène Bourdon na Faransa, wadda ya yi wa rajista a 1849. Lanƙwasasshen bututun ƙarfe ne da aka toshe bakinsa guda. Idan iska ta shiga, sai ya yi yunƙurin miƙewa, motsin nan kuma ya juya allura. Irinta ce ake gani a kan tukunyar iskar masu walda.

3.0 Matsalar Suna

"Geji" aro ce daga Ingilishi, kuma ta yi faɗi da yawa, domin da ita ake kiran abin da ke nuna yawan mai a tankin mota. "Awon jini" kuma tana da harshen damo: tana iya nufin ɗibar jini don binciken cuta. Mai hawan jini da bai rarrabe tsakanin biyun ba yana iya zaton an duba shi, alhali ba a duba ba.

Hausa tana da tsarin ƙirar sunan kayan aiki da ɗafa-goshin "ma-" da ɗafa-ƙeyar "-i", kamar mabuɗi daga buɗe, da ma'auni daga auna. Abin da ya rage shi ne kalmar abin da ake aunawa. "Ƙarfi" da "nauyi" suna da nasu gurbi a kimiyya, "danniya" kuwa ta fi karkata ga zalunci. Saura "matsi".

4.0 Kammalawa

Bisa wannan, ana ba da shawarar "ma'aunin matsi" ya zama suna na gaba ɗaya, a riƙa fayyace shi da "na jini", "na taya" ko "na iskar sarari". Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi na 1990, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya yi wa nazarin harshe da adabi irin wannan hidima. Kalmomin asibiti da na bakin titi su ma suna jiran tasu.