Ma'aikatan Jinya a Ci-rani: Matsayin Rajista da Lasisinsu na Gida

Bacirawa tana cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo, arewa da birnin Kano, a yankin nan da masana labarin ƙasa suka daɗe suna nazarinsa saboda yawan jama'a da kuma yadda ake nome gona kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba. Ko da yake gine-gine sun ci gonaki da yawa a yau, mutanen wannan yanki sun san ci-rani tun kaka da kakanni, sun kuma san cewa mai tafiya ba ya barin gonarsa haka nan. Yakan ba wani ɗan'uwa aro, ya bar abin da za a kai taki, domin gonar da ta zama saura takan jawo gardamar iyaka ranar da mai ita ya komo. A zamanin nan an sami wani sabon ci-rani, watau na ma'aikatan jinya da ungozoma waɗanda ke tafiya Saudiyya da Ingila da sauran ƙasashe. Abin da su suke bari a gida shi ne suna a cikin littafin rajista, da lasisin aiki mai wa'adi. Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda waɗannan abubuwa biyu suke, da dalilin da ya sa bai kamata wanda ke aiki a waje ya yi sakaci da su ba.

Tun zamanin mulkin Turawa doka ta tsare wannan sana'a. A shekarar 1930 aka yi dokar ungozoma wadda ta kafa hukumar kula da su, sa'an nan a 1947 aka kafa majalisar kula da aikin jinya. Haka suka yi ta tafiya dabam-dabam har 1979, lokacin da Dokar Soja mai lamba 89 ta haɗa su suka zama Majalisar Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda hedkwatarta ke Abuja a yanzu. Ita ce ke amincewa da makarantu, ita ke shirya jarrabawar ƙwarewa, ita ke riƙe da rajista, kuma ita ce ke ladabtar da wanda ya saɓa ƙa'idar aiki. Saboda haka yarinyar da ta tashi a Bacirawa ta yi karatu a makarantar jinya ta Kano, ko makarantar ungozoma ta Dambatta, ko Jami'ar Bayero, ba takardar makarantarta ce ke ba ta ikon taɓa majinyaci ba. Sai ta ci jarrabawar Majalisa, an shigar da sunanta, an ba ta lamba.

A nan ne mutane da yawa ke rikicewa, har da wasu manyan ma'aikata a ofisoshin gwamnati. Rajista dabam, lasisi dabam. Rajista shaida ce cewa an horar da mutum ya kuma cancanta. Sau ɗaya ake yin ta ga kowane fanni, tana nan kuwa muddin ba a soke sunan mutum saboda wani laifi ba. Lasisi kuwa izni ne na yin aiki a cikin wani wa'adi, wanda aka saba shekaru uku ne, in ya ƙare sai an sabunta. Sabuntawar ba biyan kuɗi kaɗai ba ce. Majalisa tana bukatar shaidar cewa ma'aikaci ya ƙaro ilmi a cikin wa'adin, musamman ta hanyar kwas ɗin tilas da ake kira MCPDP. Hujjar wannan a fili take: magunguna suna sauyawa, hanyoyin hana kamuwa da cuta suna sauyawa, kuma abin da aka koya wa ɗaliba game da zubar jini bayan haihuwa shekaru ashirin da suka wuce ba lalle ne shi ake bi a yau ba. Wanda ya bar wa'adi ya wuce, akwai tara a kansa bayan kuɗin sabuntawa.

To, alal misali, a ɗauka wannan ma'aikaciya ta sami aiki a wani asibiti a Jidda. Hukumar kula da ƙwararrun ma'aikatan lafiya ta Saudiyya, wadda aka kafa a 1992, ba za ta yarda da takardun da ta riƙo a hannu ba sai an tuntuɓi inda suka fito. Kamfanin DataFlow ne ke yin wannan bincike a madadinta. Za a tambayi makaranta, a tambayi asibitin da ta yi aiki, a tambayi Majalisa a Abuja ko sunan yana nan, ko lasisin yana da rai, ko akwai wani ƙorafi a kanta. Da ta wuce wannan mataki aka ba ta lasisin can, sai ta ga kamar na gida ya gama amfaninsa. Wannan kuskure ne babba, kuma ba ya bayyana sai bayan shekaru.

Dalili na farko shi ne cewa aikin ƙasashen Larabawa na kwantiragi ne, ana sabunta shi ko a sallami mutum, kuma iznin zama yana rataye da aikin. Ranar da kwantiragi ya ƙare, ko rashin lafiyar iyaye ya tilasta komowa, ma'aikaciyar za ta nemi aiki a Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko wani asibitin kuɗi, abin da za a fara tambaya kuwa shi ne lasisi mai rai. Shekarun da ta yi a ɗakin kulawa ta musamman a Jidda ba za su maye gurbinsa ba. Sai ta zauna watanni ba albashi tana bin kwas da biyan bashin da ya taru. Dalili na biyu ya fi wannan ɓuya. Mai barin Saudiyya zuwa Ingila ko Kanada ko Amurka, hukumar sabuwar ƙasar takan nemi shaidar kyakkyawan hali daga hukumomin da suka taɓa yi masa rajista, ta gida kuwa ita ce tushe. Ashe ko wanda ba ya da niyyar komowa bai rabu da Abuja ba.

Abin da ya faru a 2024 ya nuna nauyin wannan magana. A watan Fabrairu na shekarar, Majalisa ta fitar da sababbin ƙa'idoji na tantance takardu ga masu neman aiki a waje. Ta ce sai mutum ya yi shekaru biyu yana aiki bayan samun cikakken lasisi. Sai shugaban wurin aikinsa da makarantar da ya gama sun aiko da takardar shaidar hali kai tsaye. Sai lasisinsa yana da sauran aƙalla watanni shida kafin ya ƙare. Kuma aikin tantancewar zai ɗauki aƙalla watanni shida. Magatakardan Majalisa na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekaru uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Ma'aikatan suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, wasu suka kai ƙara kotun ma'aikata, Majalisar Wakilai ta sa baki, kuma shafin intanet na tantancewa ya daɗe a rufe kafin a sake buɗe shi a watan Satumba. Kowane ɓangare yana da abin faɗa. Ƙasar da ta kashe kuɗi ta horar da ma'aikaci tana da haƙƙin damuwa in ya tafi, balle Nijeriya da ke cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 a matsayin masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya. Amma riƙe takarda ba ya gyara albashi, ba ya kawo wuta ɗakin haihuwa. Abin lura dai shi ne, waɗanda suka fi shan wuya a watannin nan har da mutanen da tuni suna waje, suna jiran takarda ɗaya daga gida kafin a ba su aiki ko a tsawaita musu zama.

Ba Nijeriya kaɗai ke da irin wannan tsari ba. Majalisar jinya ta Ingila, tun daga watan Afrilu na 2016, tana bukatar kowane ma'aikaci ya nuna a duk shekaru uku cewa ya yi aiki na awa 450, ya yi awa 35 na ƙarin ilmi, ya kuma rubuta bayani biyar kan darussan da ya koya a bakin aiki. 'Yar Nijeriya da ke aiki can tana tara irin waɗannan shaidu ko ta so ko ba ta so ba. Hikima ita ce ta adana su da kwanan wata da hatimi, ta gabatar wa Majalisar gida tun wa'adi bai ƙare ba, domin Majalisar ce ke da hukuncin abin da za a lissafa mata. Neman sabuntawa da biyan kuɗi ta intanet ake yi yanzu, don haka babu dalilin miƙa lambar sirri da takardu ga dillalan da ke alkawarin gaggauta aiki.

Akwai wata matsala ƙarama a ido wadda ta fi addabar mutanen Arewa, watau saɓanin suna. Ɗaliba takan shiga makaranta da sunan mahaifinta haɗe da sunan garinsu, ta yi rajista da haka, sa'an nan bayan aure fasfo ya fito da sunan miji, ranar haihuwa kuma ta bambanta tsakanin takardar sakandare da katin ɗan ƙasa. A gida kowa ya san ita ce. Jami'in da ke duba takardu a wata ƙasa kuwa mutum biyu yake gani. Gyaran wannan a littafin Majalisa ya fi sauƙi tun mutum yana Kano, inda kotun rantsuwa da makarantarsa ke kusa.

Ga ma'aikatan gwamnati kuma akwai batun yadda aka bar aiki. Da yawa daga 'yan matan karkara sun yi karatu ne da tallafin jiha, ko ta shirin nan na Mata Don Lafiya da ya gudana daga 2012 zuwa 2020 a Kano da Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe, bisa fahimtar cewa za su koma su yi wa garuruwansu aiki. Wadda ta tafi ba ta cika alkawari ba, ba ta ajiye aiki a rubuce ba, ba ta nemi hutu ba albashi ba, ta bar fayil a buɗe, kuma wannan ofis ɗin ne wata rana za a nemi ya shaidi halinta. Haka nan shugaban da ya danne takardar ma'aikaciyar da ta sallami aiki bisa ƙa'ida ya rufe mata ƙofar komowa, shi ma bai taimaki asibitinsa ba.

Komowa ba sabon abu ba ne a tarihin wannan sana'a. Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta yi horo a asibitin St Thomas na Landan, ta komo gida a 1954, ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya a Asibitin Jami'a na Ibadan a 1964, sa'an nan ta zama babbar jami'ar jinya ta ƙasa. A watan Agusta na 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da wata manufa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya bayyana, kuma cikin ƙudurorinta akwai sauƙaƙa rajista ga masu son komowa daga waje. Sauƙin zai fi isa ga wadda lambarta ke raye, sunanta ya daidaita, kuma fayil ɗinta a ma'aikatar lafiya ta jiha aka rufe shi yadda ya kamata.