Ciwon Mafitsara da Jijiyoyin Jiki

Mafitsara jaka ce a cikin mara, inda fitsari yake taruwa. Ta babban mutum tana ɗaukar kusan rabin lita. In ta cika mukan sani. To, wa yake gaya mana?

Jijiyoyi ne. Ba jijiyoyin jini muke nufi ba. Akwai waɗansu farare, sirara kamar zare, aikinsu kai saƙo. Sun tashi daga mafitsara, sun shiga lakar da ke cikin ƙashin baya, sa'an nan saƙon ya hau zuwa ƙwaƙwalwa. Ta wannan hanya muke jin fitsari, ta nan kuma muke jin zafi.

A ƙasarmu ta Daudawa da Faskari da Sabuwa, ɗaya daga cikin abubuwan da ke ɓata mafitsara shi ne tsargiya, watau fitsarin jini. Wata 'yar tsutsa ke kawo ta. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a Masar cikin 1851. Tana girma a jikin dodon koɗi na tafki da kududdufi, ta huda fatar mai wanka, ta shiga jini, ta zuba ƙwai a bangon mafitsara. Ƙwan nan shi ke yin rauni. Cikin shekarun 1970 likitoci sun bincika cutar a ƙasar Malumfashi, maƙwabtanmu, suka tarar ta fi kama yara maza masu iyo.

Ga abin lura. In rauni ya daɗe a mafitsara, ko na tsargiya ko na ciwon sanyi, jijiyoyin nan sukan firgita. Ku tuna da wanda wuta ta ƙone: ko riga ta taɓa wurin sai ya zabura. Haka nan fitsari kaɗan sai ya zama kamar mafitsara ta cika maƙil. Mutum ya yi ta zagayawa dare da rana, mara tana zogi. Wani lokaci cutar ta warke, amma jijiyoyi da laka ba su daina kai ƙara ba. Akwai kuma masu wannan zogi ba tare da tsutsa ko ƙwayar cuta ba, yawancinsu mata ne.

Saboda haka in an auna fitsarin matarka ba a ga kome ba, kada ka ce ƙarya take yi, ko sammu ne. Ciwon gaskiya ne, a jijiya yake.

Abin da ya kamata mu yi:

1. Yaro in ya yi fitsarin jini, ba alamar balaga ba ce. A kai shi asibiti, akwai ƙwayar magani mai suna praziquantel.
2. Kada a yi fitsari cikin tafki ko rafi.
3. Mai zogin mara ya rage barkono da goro da shayi, ya riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi.
4. In zogi ya wuce mako 6, a je asibitin Funtuwa ko na Ƙanƙara. Likita yana da maganin da ke kwantar da jijiya. Kada a yi ta sayen ƙwayoyi a kasuwa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya saƙo ke zuwa ƙwaƙwalwa?
2. Me ke kawo tsargiya?
3. Don me zogi kan daɗe bayan cuta ta warke?